Wai karatu ne ke canza tunanin mutum, ko aikin da yake yi da karatun?

Mushe Tudun Jamus:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Akwai maganar da ta tsaya min a rai ina so mu tattauna ta da hankali, don Allah kar a maida ta faɗa. A shekarun 1931 da 1932 wani masani ɗan Rasha mai suna Luria ya shiga ƙauyukan Uzbekistan wajen manoma da makiyaya da ba su taɓa zama a aji ba, musulmi ne irinmu. Sai ya riƙa nuna musu hoton abu huɗu, guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su fidda wanda ba ɗan gidan ba ne. Wanda ya ɗan taɓa lakwal ko shekara ɗaya biyu ce nan take zai ce itacen, tunda sauran ukun kayan aiki ne. Amma tsofaffin sai su ce a'a duka huɗun tare suke tafiya, in ka ɗauke itacen me zarton zai yanka? Ya sake musu wata tambayar, ya ce can arewa mai nisa inda ƙanƙara ba ta yankewa akwai wata babbar dabba beyar, duk na can farare ne, to wuri kaza yana can arewan, beyar ɗinsa wane launi ne? Sai su ce mu ba mu je ba, ba mu gani ba, ka tambayi wanda ya je. Abin da na ɗauka a nan shi ne karatu yana koya ma mutum tunani kan abin da ba ya gabansa, ya jera abubuwa gida gida, ya bi magana har inda ta kai ko bai gani da ido ba. Na daɗe ina koyarwa kuma ina ganin wannan canjin a yara tsakanin CI da CM2, wato daga ajin farko zuwa na shida na firamare. Ku me kuka gani?

Ɗan Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni wallahi tsofaffin nan ne suka burge ni. Baƙo ya taso daga wata uwa duniya yana tambayarka launin dabbar da ba ka taɓa gani ba, a nan ma dattijon kirki ba ya ba da shaida kan abin da bai gani ba, je gaban alƙali ka ce mishi "an ce" ka ga yadda za a yi da kai. Wannan kamun kai ne, ba rashin tunani ba. Sannan in lissafi ne zo Dole ka sha kallo. Takardar kuɗi an rubuta mata 500 kowa ɗari yake ce mata, 1000 jika, 25 dala biyar, ido na ganin wata lamba baki na faɗin wata, kullum mutum cikin raba biyar yake a kai bai ma san yana yi ba. Ga masu sayo kaya Kano da Maigatari, mutum ya juya naira zuwa sefa, sefa zuwa dala, ya sa kuɗin mota da na dako ya fidda ribarshi yana tsaye alhali ko sunanshi bai iya rubutawa. Yaron shagona da BEPC ɗinshi, ka ce mishi tiya bakwai a ɗari da hamsin hamsin nawa ke nan, sai ya laluba aljihu ya ciro waya.

Maman Nafisa:
Gaskiya ne Alhaji. Innarmu ita ce uwar adashin unguwarsu a Garin Malam tun muna yara, ba kaye ba bik, amma ta san wadda ta zuba da wadda ta tsallake sati da wadda ta ci kwasarta tun kafin azumi, har da wadda ta ranci na wata ta cika. Ba a taɓa kai ta gaban mai unguwa ba. Yanzu ni na karɓe ta, da kaye nake yi, ran da kayen ya faɗa bayan gado kuwa hankalina tashi yake don ba abin da na riƙe a kai.

Mushe Tudun Jamus:
Hajiya ai kin taimake ni ne ba ki sani ba, kin nuna kayen ya canza yadda kanki ke aiki. Ni ban ce wanda bai yi karatu ba ba shi da basira, Allah ya tsare ni, uwata ma ba ta yi ba. Na ce hanyar tunanin ce ta bambanta.

Alaramma na Birni:
Salamu alaikum. Mushe ka yi haƙuri zan tsaya kan abu guda. Duk sanda ƴan boko suka ce "wanda bai yi karatu ba" nufinku wanda bai yi lakwal ba, kuma nan ne ake cutar mu. Mai ƙidaya ya zo gida ya tambayi mutum ka iya karatu, ya ce na yi allo, sai a rubuta shi cikin jahilai, alhali mutumin nan shi ke rubuta ma rabin unguwa wasiƙa da ajami. Tun zamanin Sarki Tanimun ana rubutu a garin nan, da alƙalai da magatakarda, kafin Nasara ya san hanyar Damagaram.

Ita kuma maganar rubutu na kashe hadda, ku zo tsangaya. Mu da rubutun muke yin haddar. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, kowane harafi da sunanshi na Hausa, mim jaye, ta kuri, nun guda, ya rubuta a allo da hannunshi ya biya ya biya sai ya zauna sannan a wanke. Wankewar nan ita ce sirrin, ya san gobe rubutun ba ya nan, dole ya maida shi ƙirji. In ya kai ƙarshe sai ya zauna ya rubuce Alƙur'ani izu sittin da ka ba ya duba komi. Kuma akwai ilmin harji, gwani ya san kalma kaza sau nawa ta zo da wasali kaza, a wace sura, a sa ƴar alama a gefen takarda wadda in ba ɗan gida ba ne kai ba za ka san me take nufi ba. Wannan ba jera abu gida gida ba ne? Malaman hadisi tun da can sun raba kiyayewa biyu, ta ƙirji da ta littafi, ba su yar da ko ɗaya ba. Bayan yaƙin Yamama da mahaddata da yawa suka yi shahada ne Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a rubuce, hadda kuma ba ta tsaya ba har yau.

Ɗan Kasuwar Dole:
Allah ya gafarta malam, ka gama magana.

Ɗalibar Jami'a:
Salam iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki don wannan darasin mun yi shi a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Abin da Alaramma ya faɗa akwai waɗanda suka je suka gwada shi, kuma a nan Afirka ta yamma. A ƙasar Laberiya akwai ƙabilar Vai, suna da rubutun kansu da wani mutuminsu Momolu Duwalu Bukele ya ƙago wajen shekarun 1830, alama kusan 200, kowace alama gaɓa guda ce. Ba a lakwal ake koyon shi ba, aboki ko ɗan uwa ke koya maka a gida, ana wasiƙa da shi ana rubuta bashi da lissafin gona. A cikinsu kuma akwai masu karatun allo kamar namu, akwai ƴan boko masu Ingilishi, akwai waɗanda ba su da ko ɗaya. To kun ga an samu wurin da za a raba rubutu daban lakwal daban, abin da Luria bai samu ba, don nashi mutanen da suka iya karatu su ne dai suka shiga aji, su ne kuma suka shiga gonakin gwamnati na lokacin, komi ya cakuɗe.

Masana biyu, Sylvia Scribner da Michael Cole, suka yi shekaru suna gwada mutane sama da 1000, suka fitar da sakamakon a 1981. Abin da suka tarar, iya rubutun Vai kaɗai bai sa mutum ya riƙa amsa irin tambayoyin Luria kamar ɗan boko ba. Masu rubutun Vai sun fi kowa iya haɗa gaɓoɓin magana in an yayyanka musu ita, don haka rubutunsu yake. Masu allo sun fi ƙarfi wajen riƙe jerin kalmomi in ana ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ake ƙarin karatu. Ƴan lakwal kuma inda suka yi zarra shi ne bayani da baki, ka ce musu don me ka ce haka su zayyano maka dalili, saboda shi mushe ke tambayarsu kullum. Kamar hannun maƙeri ne da na mai ɗinki, kowane da inda ya yi kanta. Don haka ni a ganina Mushe, abin da kake gani tsakanin CI da CM2 gaskiya ne, amma ba harafin ne ya yi shi ba, kai ne ka yi shi da irin tambayoyin da kake musu shekara shida, tambayar da ba ta da alaƙa da cikin kowa ko gonar kowa, kuma yaro ya koyi cewa irin wannan ma ana amsa ta.

Maman Nafisa:
Masha Allah ƴata, Allah ya ƙara basira. Yanzu na gane.

Mushe Tudun Jamus:
Ƙanwata na ji daɗin wannan ƙwarai, amma ban sauka duka ba. Harafin kanshi yana da nashi aikin a kai. A Fotugal a 1979 José Morais da abokan aikinshi sun gwada manya kashi biyu, ƴan ƙauye masu rayuwa iri ɗaya, wasu ba su iya karatu ba wasu sun koya da girma. Aka ce su cire sautin farko na kalma, misali a namu ka cire k daga kaza ya zama aza. Waɗanda suka koya suka yi, waɗanda ba su koya ba yawanci abin ya gagare su, don kunnensu kalma yake ji ko gaɓa, bai taɓa tsinka ta ƙwaya ƙwaya ba. Sannan duk mai koyar da ƴan CI ya san wahalar b da d, p da q. Yaro ba wauta yake ba, tun da aka haife shi buta in ta kalli gabas buta ce in ta kalli yamma buta ce, rana ɗaya mu ce mishi wannan in ya juya ya zama wani abu daban. Sai ya kwance abin da idonshi ya saba. A 2010 Stanislas Dehaene da jama'arshi sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a Burazil da Fotugal, suka ga akwai wani wuri ta hagu da ke farkawa in mai karatu ya ga rubutu, har ga wanda ya koya da girma. Wannan ba tarbiyyar aji ba ce kaɗai.

Ɗalibar Jami'a:
Na yarda da wannan Mushe. Ka tuna zaurance ma, ƴan mata da ba su taɓa riƙe bik ba suna juya magana da gudu har ka kasa bin su, amma in ka lura gaɓa suke wasa da ita, ba ƙwayar sauti ba. Sai dai cire k daga kaza abu ne ƙarami takamaimai. Inda nake jin tsoro shi ne a ɗauki wannan a ce to mai boko ya fi hankali, a nan ne ake raina iyayenmu a biro da asibiti.

Kabu-kabu Zango:
Salam. Ni ban yi nisa ba CM1 na tsaya amma bari in faɗi nawa. Garin nan duka a kaina yake, Birni da lungunanta, Sabon Gari, Karkada, Jagindi, ba wanda ya taɓa ce min kai ni titi lamba kaza. Ce min ake bayan gidan sarki, kusa da mai ƙosai, gidan da ke da darbejiya biyu, in wuce famfo in karya dama. Har na san inda yashi ke kada mashin da inda ruwa ke kwanciya da damina. Yanzu baƙi masu aikin ƙungiyoyi sai su turo min lokalizasiyo a WhatsApp, ɗigo shuɗi yana tafiya, wallahi ran da na bi ɗigon nan in na sauke mutum ba na iya faɗin ta inda na biyo, ido na kan waya bai ga gari ba. In da baki aka kwatanta min sau ɗaya ya isa har abada.

Injiniya a Yamai:
Ɗan uwa abin da ka faɗa an auna shi a Ingila. Direbobin tasi na Landan kafin a ba su izini sai sun haddace tituna wajen 25,000, shekara uku zuwa huɗu suna yi. A shekarar 2000 wata masaniya Eleanor Maguire ta duba ƙwaƙwalwarsu ta ga ɓangaren da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma ta baya, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nashi ya fi. To kai ma wataƙila naka haka yake, kar ka bari ɗigon ya cinye maka shi. Wannan kukan kuma tsoho ne, tun a Girka ta da an ruwaito Sokratis yana kawo labarin wani sarkin Masar da ya ce rubutu zai sa mutane mantuwa don za su dogara da abin da ke waje. Yau ga shi muna faɗin haka kan waya.

Majo CSI:
Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma raina ya ɗan sosu, don muna ta yabon riƙewa a kai kamar rashin karatu ba ya kashe mutane. Yana kashewa, ni nake gani. Uwa ta zo da yaro, a ba ta ordonans da Faransanci da rubutun likita wanda ni ma sai na ƙura ido, ta je farmasi a haɗa mata magani uku, kafin ta kai gida ta manta wanne ne na safe wanne ne sau uku. Dabararmu ita ce mu ja sanda a jikin kwali, sanda ɗaya tazara sanda ɗaya tazara sanda ɗaya, wato safe rana dare. To akwai wadda ta ɗauka uku za ta ba shi lokaci guda. Ita ma sandar sai an koya maka karanta ta, ba wata alama da ke magana da kanta. Mun gwada zana rana da wata, wata tsohuwa ta ce min ita ta ɗauka sai an ga wata za a fara sha. Kuma ga masu tallar magani a faranti, mutane da launi da hoton kwali suke saye, a ba ni mai ja da rawaya, a ba ni mai hoton mutum ya riƙe baya, ranar lalacewa tana rubuce a jiki ba mai dubawa. Innar Hajiya ta riƙe adashi don ta san matan, ta san gidajensu da halinsu. Miligiram ba shi da fuska ba shi da gida, in ba ka karanta shi ba ba ka da ta inda za ka kama shi.

Alaramma na Birni:
Majo maganarka gaskiya ce kuma ta taɓa ni. Amma tambaya, matan nan da yawansu sun yi allo ko islamiyya, in da an rubuta musu safe, rana, dare da ajami a kwalin ai da sun karanta. Takardun naira na 200, 500 da 1000 har gobe da ajami a jikinsu kuma mutanenmu na karantawa. Me ya hana asibiti?

Mai Cajin Waya:
Salam manya. Ni wayoyin ƙauye da na gari duk ta hannuna suke bi, in ba ku labari. Wanda bai iya karatu ba yana da nashi tsarin. Wani nimero biyun ƙarshe yake riƙewa, 47 ɗana ne na Libiya, 08 mai gero ne. Wani sai ya ce min sa ma wannan hoton saniya, wannan sa mishi mota, matarshi fure, to littafin wayarshi duk ƴan hotuna ne kuma ba ya kuskure. Kuɗi ma haka, tsoho da launi yake sani, ja jika, shuɗiya jika biyu, koriya biyar, shunayya goma. Amma inda abin ke ba ni tausayi shi ne mesajin turo kuɗi, dole ya miƙa ma wani ya karanta mishi kod, sirrinshi ya fita, wani lokacin a cuce shi. Na san dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci saboda wannan kaɗai, lambobi yake so ba wasiƙa ba.

Ɗalibar Jami'a:
Wannan ma an gwada shi a jiharmu. A 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram, ƙungiyar agaji ta CRS da wata masaniya Jenny Aker. Duka ƙauyukan ana yaƙi da jahilci iri ɗaya, amma a rabinsu an ƙara koya ma manya amfani da ƴar ƙaramar waya, su nemo harafi su tura mesaji. Na masu wayar sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma wata bakwai bayan rufe aji lissafinsu yana nan sama da na sauran. Dalilin a fili yake, sun samu abin yi da karatun kullum. Ita ce kuma ta nuna tsakanin 2001 da 2006 shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Ɗan Kasuwar Dole:
Wannan na gani da idona. Da sai ka hau mota ka je Matamai ko Bakin Birji kafin ka san kuɗin tiya, yanzu kafin ka gama shayi ka ji na kasuwa biyar. Har tunanin ɗan kasuwa ya canza, da kasuwa ɗaya ke kanshi yanzu duka jihar ce.

Mushe Tudun Jamus:
To amma lokacin ABC mesaji ake rubutawa. Tun da bokal ya zo a WhatsApp wa ke wahalar neman harafi? Abin da ya tura dattijo aji yanzu an ɗauke mishi shi. Kuma ni abin da ke damuna ya wuce nan. In za ka rubuta magana dole ka tsaya, ka ga farkonta da ƙarshenta a gabanka, ka ga inda ta karye ka goge. Bokal kuwa magana zarar bunu, mutum ya danna ya yi minti tara bai san inda ya dosa ba, mai saurare kuma ba ya iya komawa layi na uku ya ce tsaya, nan ka saɓa ma abin da ka faɗa a farko. Shi ya sa ƙarya ke gudu a bokal, murya mai daɗi da sallama da ƴar aya, shi ke nan an tura ma gurup goma.

Maman Nafisa:
Mushe a nan kam ban bi ka ba. Bokal ne ya sa innarmu ke magana da ɗanta da ke Agadas ba tare da ta kira yaron maƙwabta ya ji sirrin gidanmu ba. Da can wasiƙa sai an kai ma mai karantawa, ya ƙara nashi ya rage. Mata da yawa yanzu ne suka samu bakinsu. Kuma ƙarya a rubuce ma ana yin ta, da ai cewa ake "a takarda fa yake" kowa ya yi shiru ko me aka rubuta.

Injiniya a Yamai:
Hajiya ta faɗi wani abu babba. Da takarda ake ba gaskiya, yanzu bidiyo. Mun tashi da gani ya kori ji, kuma da can daidai ne don ido ba ya ganin abin da bai faru ba. Yau ana haɗa bidiyon mutum da muryarshi yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba, ko a ɗauko hoton wata ƙasa na shekara biyar a ce jiya ne a Tanut. Mai digiri ma yana faɗawa, ina ganin su a gurup ɗin ma'aikata. Wannan wani karatu ne sabo da ba lakwal ba allo ba wanda ya koya mana, ka tambayi wa ya ɗauka, yaushe, wa ya fara turowa.

Malama Sabon Gari:
Salam, tun ɗazu ina bi ban ce komi ba. Akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ne ciwon. Yaronmu ran da ya fara ganin harafi a lakwal, da harshen da bai ji yake ganin shi. Yana koyon abu biyu lokaci guda, alamar da kuma maganar da alamar ke ɗauke da ita, sai ya koyi fitar da sauti ba ma'ana. Ina da ƴan aji da za su karanta maka shafi tas, ka ce to me aka ce, su sunkuyar da kai. Irin wannan karatun shi ma yana gyara tunani, amma ta mugun gefe, yana koya ma yaro cewa rubutu abu ne da ake maimaitawa ba a tambayar shi, kuma abin da ya sani na gida ba ilmi ba ne. Abin haushin a garin nan aka buɗe lakwal ɗin gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tun 1973, da Hausa, fiye da shekara 50 ke nan muna gwaji. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, mun yi murna, amma ni a ajina littafin karatu na Hausa nake jira da horon da za a ba mu, don mu kanmu malaman da yawa ba mu iya rubuta ta daidai ba, ƙ da ɗ da ɓ sai a hankali.

Mushe Tudun Jamus:
Malama ba ni da abin cewa a nan, kullum da shi nake kwana. Ran da na bayyana rabawa da dala da tiya yaran da ake ce ma daƙiƙai su ke fara ɗaga hannu.

Kabu-kabu Zango:
Don Allah wani ya yi mana bokal na bayanin ɗalibar nan na Laberiya, akwai ƴan fadarmu da ke son ji ba su iya karanta dogon rubutu.

Ɗalibar Jami'a:
To yaya, bayan isha'i in sha Allah, zan raba shi gajeru gajeru.

Majo CSI:
Alaramma na dawo kan tambayarka don tun ɗazu take cina. Ba abin da ya hana sai dai ni ban iya ajami ba, abokan aikina ma haka. In za a samu wanda zai rubuto mana kalmomin da muke buƙata, safe, rana, dare, kafin abinci, bayan abinci, rabin ƙwaya, cokali ɗaya, kwana uku, kwana biyar, sai in kai ma shugabanmu, in ya amince mu yi tampo mu riƙa bugawa a kwali tare da sandunan. Amma sai an fara gwadawa da matan su karanta a gabanmu, kar mu sake yin irin ta rana da wata.

Alaramma na Birni:
Wannan mai sauƙi ne Majo. Abu ɗaya za a kula, a yi shi da irin rubutun allo na warshu da wasali cikakke, don wadda ta yi allo ɗigon fa a ƙasa ta san shi, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ƴan islamiyya kuwa sun saba da bugun hafsi inda ba haka yake ba. "Safe" tana da fa a ciki, to sai mu rubuta iri biyun ku gwada ku ga wanda matan unguwarku suka fi ganewa. Alhamis ba mu da karatu, zan sa gardi guda mai kyan hannu ya rubuta manya manya a farar takarda. Turo min nimeronka ta gefe da sauran kalmomin in akwai, ka haɗa da na maganin ruwa na yara.